Nazarin Lamari: Falken Shanu Ɗan Daura da Tafkin Nyos

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan Daura ne, falken shanu, yanzu tsufa ya zaunar da shi a gida. Da ƙuruciyarsa ya bi sawun fatake zuwa Kamaru, ya yada zango a Wum, babban garin yankin Menchum a Arewa maso Yammacin ƙasar, inda ya tarar da unguwar Hausawa a cikin gari da rugagen Fulani a kan tuddan da ke kewaye. Sana'arsa sayen 'yan bijimai da karsana, ya damƙa wa makiyayi amana, in sun yi ƙiba a kora su kara. Shi yana gari wajen ciniki, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana daji tare da makiyayin, yana lura da abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ciyawa ce ta ja shanu can. Ƙasar wurin tsohuwar tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe da ruɓewa, ga ruwan sama mai yawa, ga sanyi. Yankin gaba ɗaya yana kan wani jerin duwatsu masu aman wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru, reshensa guda ya kai har tsaunin Biu a jihar Borno. Shi kansa Tafkin Nyos, da ke cikin wannan yanki na Menchum, bakin wani tsohon dutse ne da ruwa ya cika, zurfinsa ya ɗan haura mita 200. Ba ya hayaƙi, ba ya tafasa. Ruwansa shuɗi ne, a kwance lumui, yana kan tudu, ƙauyuka suna ƙarƙashinsa a cikin kwari.

An sami gargaɗi tun kafin bala'in da ya auku a Nyos a 1986, sai dai ba a karanta shi ba. Ranar 15 ga Agusta 1984, mutum 37 suka mutu a gefen Tafkin Monoun, a Yammacin Kamaru. Masanin duwatsu Haraldur Sigurdsson ya je ya bincika, ya ce iska ce ta fito daga cikin ruwan tafkin kansa. Kaɗan ne suka ɗauki maganar da muhimmanci, don ba a taɓa rubuta irin haka a littattafan ilimin ba. Falken bai ma ji labarin Monoun ba sai daga baya. A bakin Nyos kuwa babu na'urar da ke gadin komai.

21 ga Agusta 1986

Ranar Alhamis ce, tsakiyar damina. Yawancin garken yana kan tudu tare da makiyayin, kamar yadda aka saba in ruwa ya sauka. Amma an ware manyan bijimai waɗanda za a kora kasuwa, ƙanen ya gangaro da su kwari kusa da hanya, don sammako. Wannan rabuwar ita ce ta yanke wanda zai rayu da wanda ba zai rayu ba.

Wajen ƙarfe tara na dare aka ji wata ƙara daga wajen tafki kamar rugugin aradu mai nisa. Ruwan tafkin ya yi ambaliyar iska, ita ce iskar da masana ke kira kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. An ƙiyasta abin da ya fita tsakanin tan 100,000 da 300,000. Wannan iska ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, saboda haka ba ta tashi sama ba, sai ta gangara kwari kamar ruwa, ta ture iska mai kyau daga gabanta. A iskar yau da kullum kasonta bai wuce 0.04 cikin ɗari ba. In ya haura 10 cikin ɗari mutum yakan suma, in ya ninka haka kuma sai dai wani ikon Allah. Fitilu suka mutu, wutar murhu ta mutu. Ta ratsa ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta kai kusan kilomita 25 daga tafkin kafin ƙarfinta ya karye.

An ƙirga mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500. Da gari ya waye, tafkin ya rine ya koma ja kamar tsatsa, ruwansa ya ragu da kusan mita ɗaya. Bukkoki suna tsaye, masara tana tsaye a gona, amma ko ƙuda babu a kan mushen shanu a kwanakin farko, don su ma sun mutu. Wasu mutane sun farfaɗo bayan sa'o'i masu yawa suka tarar da iyalansu a kwance. An kai waɗanda suka tsira asibitocin Wum da Nkambe.

Ƙanen falken yana cikin mamata, da duk bijiman da ke hannunsa. Makiyayin da iyalinsa da shanun tudu ba abin da ya same su. Sun ji ƙarar, sun koma barci. An binne mutane a kaburburan bai-ɗaya, ba wanka ba likkafani. Labari ya riga falken isowa Daura ta rediyo, mahaifiyarsu ta yi kwanaki ba ta san wanne daga cikin 'ya'yanta biyu za ta yi wa kuka ba.

1986 zuwa 1987: bayani iri-iri, shawara iri-iri

Gwamnati ta kwashe mutane kusan 4,000 daga kwarin, ta haramta zama a ciki. Tambayar da ta rage wa falken ɗaya ce, kuma ita ce za ta bi shi shekara talatin: shanun da suka rage, a mayar da su wajen ciyawar ko kuwa? Amsar ta rataya ne a kan mene ne ya faru, kuma nan bakuna suka rabu.

A kasuwar Wum maganar bom ta fi ƙarfi. Kwana huɗu bayan abin, firaministan Isra'ila Shimon Peres ya sauka Yawunde tare da ayarin likitoci, sai mutane suka ɗaura wannan da wancan, aka ce wani sabon makami aka gwada wanda ke kashe mai rai ya bar gini. Wasu suka ce mutanen ɓoye na tafkin aka saɓa wa. Su kansu masana ba su haɗu ba. A taron da aka yi a Yawunde cikin Maris 1987, ɓangaren Haroun Tazieff, sanannen masanin duwatsu na Faransa, ya tsaya a kan cewa dutsen da ke ƙarƙashin tafkin ne ya yi aman iska kai tsaye. Wani ɓangaren, wanda ya haɗa da George Kling na Amurka da Minoru Kusakabe na Japan, ya ce iskar ta daɗe tana taruwa a narke cikin ruwan can ƙasa, wani abu ya motsa ta, wataƙila zaftarewar dutse ko sanyin ruwan damina.

Wannan ba gardamar malamai kawai ba ce, don kowane bayani da umurnin da yake ba mai shanu. In bom ne, an yi an gama, gobe ma a koma. In dutse ne ya yi amai, to yakan yi sallama da 'yar girgizar ƙasa, sai a kafa na'urar jin girgiza a zauna da shiri. In kuwa iskar a cikin ruwa take taruwa, to tana nan tana sake taruwa ba tare da wata alama a sama ba, kuma kwanciyar tafkin ba shaidar lafiya ba ce.

Awo ne ya raba gardamar a hankali. Da aka zura na'urori ƙasan tafkin, aka tarar ruwan ba shi da zafin da aman dutse zai bari, babu sinadarai masu tsami irin na sabon amai, lakar ƙasa kuma ba ta hargitse ba. Jan launin ƙarfe ne da ke narke a ruwan ƙasa, ya hau sama ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Gwajin sinadaran iskar ya nuna daga narkakken dutse mai nisa a ƙarƙashin ƙasa take tasowa, tana shiga tafkin ta idanun ruwa da ke gindinsa. Nauyin ruwan mita 200 shi ke danne ta ta zauna a narke. Da yake ƙasar ba ta da hunturu mai tsanani da zai juya ruwan duk shekara, na ƙasa ba ya gauraya da na sama. In wani abu ya ɗaga ruwan ƙasa sama kaɗan, dannewar ta ragu, sai kumfa ta ɓullo, kumfar ta ja wani ruwan sama, shi ma ya saki tasa, abu ya kama kansa har tafkin ya juye.

Falken a lokacin bom ya gaskata. Ba abin mamaki ba ne. Shi ne bayanin da ya fi sauƙin ɗauka, kuma shi ne ya bar masa ƙofar komawa.

1987 zuwa 2000: abin da aka gwada

Na farko jira. An tsugunar da waɗanda aka kwashe a sansanoni irin su Buabua da Kimbi, makiyayin shi ma ya ja shanu zuwa wani tudu mai nisa da tafkin. Wurin ya yi wa jama'a kaɗan. Manoma da makiyaya suka matsu a fili ɗaya, shanu suna shiga gona, ana biyan tara, in rani ya yi ciyawar tudu ta bushe. Garken ya rame, haihuwa ta ragu. Can ƙasa kuwa kwarin da aka haramta ya yi kore shar, ba mai taɓa shi, ana hango shi daga nesa.

Na biyu komawa a ɓoye. Ba falken kaɗai ya yi ba, mutane da yawa sun riƙa sulalewa suna noma da kiwo a kwarin. Shi dai ya haɗa da dabara. An yi sauka, an yi sadaka, sa'annan ya tuna abin da mahaƙa rijiya ke yi a gida: kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, sai a zura fitila da igiya, in ta mutu a san iskar ciki ba ta numfashi ba ce. Ya sa aka riƙa ajiye fitilar ƙwai a ƙasa, a wuri mafi gangare kusa da inda shanu ke kwana, da mai gadi yana kallonta.

Tunanin daidai yake ta fuskar ilimi, don iskar rijiyar da ta tafkin dangi ɗaya ne. Amma a rijiya mutum ne ke zuwa wajen iskar, yana da zaɓin fasawa. A kwari iskar ce ke zuwa wajen mutum. Lokacin da fitila za ta mutu, mai gadin ya riga ya shaƙa. Ban da haka, fitila tana mutuwa don dalilai da yawa. Wani dare iskar hadari ta hure ta, mai gadi ya kwarma ihu, aka kora shanu cikin duhu a kan duwatsu, wasu suka karye sai yanka, wasu suka ɓace. Daga ranar yaran makiyayin suka ce su kam ba su ƙara kwana a kwari.

Na uku kwaso shanu zuwa gida. Mahaifiyarsa ta tsufa, tana ta aiko masa ya dawo, ta ce ɗa guda ya ishe ta bayarwa ga ƙasar nan. Ya yi lodin wani kaso a mota zuwa Daura. Shanun da suka saba da sanyin tudu da ciyawa har gwiwa ba su ji daɗin zafin bazara da harawa ba, ga kuɗin mota da na hanya sun ci riba tun kafin a iso. Ya sayar da su a Mai'aduwa ƙasa da abin da ya sa rai. Ragowar ya bar wa babban ɗan makiyayin a kan yarjejeniyar rabon 'ya'ya, shi kuma ya zauna a Daura.

A duk waɗannan shekaru masana suna komawa tafkin lokaci-lokaci da kwale-kwale, suna zura na'ura mai auna zafi da zurfi da yawan sinadaran da ke narke, suna ɗebo ruwan ƙasa a cikin kwalabe masu murfi na musamman. Kowane zuwa, iskar ta ƙaru. A sama ruwan ya koma shuɗinsa.

2001: bututu na farko

Maganin da ya yi aiki ba shi da wuyar fahimta. Wani ayari ƙarƙashin Michel Halbwachs na Faransa ya gwada shi a Monoun a 1992, sa'annan a Nyos a 1995. A farkon 2001 aka kafa na dindindin. Dogon bututun roba ne mai kauri, an rataye shi a kan wani dandamali mai yawo a tsakiyar tafki, bakinsa na ƙasa yana kusa da gindi. Injin famfo ana buƙatarsa ne sau ɗaya, don ya fara jawo ruwan. Da ruwan ƙasa ya hau, kumfa ta ɓullo a cikin bututun, sai ta riƙa tura kanta sama tana jan na bayanta, a kashe injin abu ya ci gaba. Wato abin da ya hallaka mutane a 1986 shi aka sa a cikin bututu, yana faruwa kaɗan-kaɗan dare da rana. Ruwan yana feshi sama kusan mita 45, iskar tana bajewa cikin sarari da ƙarancin da ba ya cutarwa. An kuma kafa na'urorin sansano iskar masu jiniya a gefen tafkin. Monoun ya sami nasa bututun a 2003.

Labari ya iso zauren falken a Daura ta bakin wani ɗan'uwan ciniki. Nan take ya ce a aika wa ɗan makiyayin ya gangara da shanu, Turawa sun huce tafkin. A nan ne ɗansa ya shigo cikin lamarin. Yaron a Wum aka haife shi, yana ƙarami lokacin abin, daga baya ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai a jami'a a Zariya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a gidan cewa mutuwar baffansa ce ta kai shi wannan fanni. Ya nemo rahotannin awon da aka buga, ya zauna da mahaifinsa.

"Baba, bututun nan ɗaya ne. Yana fitarwa, amma ƙasa ma tana zubawa. Abin da ya taru shekara da shekaru yana nan, sai an daɗe kafin ya ragu."

"To kai yaro, ruwan da ake gani yana tashi sama fa?"

"Shi ne shaidar, Baba. Tsawon tashinsa ƙarfin iskar da ke ƙasa ne. Ranar da aka ce ya yi ƙasa, ranar za mu fara murna."

Dattijon bai ji daɗi ba, amma wannan magana ta ƙarshe ta kama shi, don abu ne da ɗan makiyayin zai iya gani da idonsa daga kan tudu ba sai an fassara masa takarda ba. Aka tsayar da ƙa'ida. Shanu za su iya gangarawa kiwo da rana a cikin rani, amma mutum da dabba a tudu za su kwana. In an ji jiniya ko wata ƙara daga tafki, ba a gudu a bi tsawon kwari, gefe ake haura. Watan Agusta kuwa ba a sauka sam, tunda Monoun da Nyos duk a cikinsa suka tashi. Abu biyu bai isa a kafa doka a kansa ba, ɗan ma ya san haka, sai dai a damina dama tudu yana da ciyawa, hanin bai ci musu komai ba.

Ƙa'idar tana da tsadarta. Hawa da sauka kullum yana rage wa saniya nama, kuma maƙwabtan da suka koma kwana a kwari shanunsu sun fi ƙiba. Ɗan makiyayin ya sha yin ƙorafi a kan haka in an yi waya.

2005 zuwa 2012: bangon tafki da jita-jitar ambaliya

Sai wata matsala ta biyu ta fito fili. Gefen arewa na tafkin wani siririn bango ne na tokar dutse da ta daskare, tsayinsa kusan mita 40, kuma ruwa yana cinsa. A 2005 masanin duwatsu Isaac Njilah na jami'ar Yawunde ya yi gargaɗi a kansa, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya su ma suka duba suka ce yana iya faɗuwa cikin shekara biyar zuwa goma. In ya faɗi, kusan mita-kubik miliyan 50 na ruwa zai kwararo, ya bi kogin Katsina-Ala (na Taraba da Binuwai, ba Katsinarmu ba) ya shigo Nijeriya. Mafi muni, in saman tafkin ya zube, nauyin da ke danne iskar ya ragu ke nan, ambaliya biyu a dare ɗaya.

A 2011 aka ƙara bututu biyu masu faɗi a Nyos, suka zama uku. A shekarar ce kuma aka fara wani aikin haɗin gwiwa na shekara biyar tsakanin masanan Japan da cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta Kamaru, wanda ya horar da 'yan ƙasa su riƙa yin awon da kansu. Bangon ma aka ƙarfafa shi da kankare da tallafin Tarayyar Turai. Nijeriya ta nata ɓangaren tana gina madatsar Kashimbila a Taraba don tare ruwan in ya zo.

Damina ta 2012 ta kusa rusa komai, ba daga tafkin ba, daga waya. Ambaliya ta cinye garuruwa a gaɓar Binuwai da Neja, ana ta cewa Kamaru ta saki ruwa. Wani dillali ya kira dattijon ya ce ai tafkin nan ne ya fashe, layin Wum ba ya shiga, gara ya sayar masa da rabonsa yadda yake, ko an samu ko ba a samu ba. Farashin da ya taya abin kunya ne, amma dattijon ya kusa sallamawa. Ɗan ya shimfiɗa masa taswira: ruwan daga madatsar Lagdo aka sake shi, kusa da Garwa a Arewacin Kamaru, ɗaruruwan kilomita daga Nyos, kogi daban. Ya roƙi a ba shi kwana kaɗan. Da layi ya dawo, shanu suna tudu suna kiwo.

2016 zuwa 2023: yadda ta kaya

Bayan bututu uku sun yi 'yan shekaru suna aiki, awo ya nuna iskar da ke ƙasan Nyos ta ragu ƙwarai, kaurin ruwan da ke ɗauke da ita ya sirance. Ɗan makiyayin ya ba da labarin abin da aka ce masa ya duba: feshin ya yi ƙasa. A Monoun, wanda ya fi ƙanƙanta, iskar ta ragu har bututun ya daina iya tura kansa. Ɗan falken ya sassauta ƙa'ida, ya yarda a kafa ruga a wani gangare mai matsakaicin tudu, wanda ya rage tafiyar yini da yawa. Kwana a gindin kwari dai bai yarda ba.

Ba a daɗe ana cin moriyar wannan ba. Daga ƙarshen 2016 rikici ya ɓarke a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi, ya rikiɗe ya zama na bindiga a 2017. Hanyoyi suka rufe, satar shanu ta yawaita, kasuwanni suka mutu, su ma masu zuwa awo hanya ta yi musu wuya. Ɗan makiyayin ya kora garken ya tsallaka iyaka zuwa tsaunin Mambila a Taraba, inda sanyi da ciyawa suka yi kama da abin da shanun suka sani. An yi asarar wasu a hanya.

A Agustan 2022 aka sake kiran Daura cikin firgici: Tafkin Kuk, wani maƙwabcin Nyos, ya sauya launi yana wari. Hukumomi suka danganta abin da ruwan sama mai ƙarfi da ya motsa lakar ƙasa. Dattijon wannan karon tambayarsa ta farko ita ce ko an je an auna. A Mayun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da madatsar Kashimbila, mai ba da wutar lantarki megawat 40. Garken yana Mambila har yanzu, an raba 'ya'ya sau da dama, kuma tun daga 1986 ko ɗan maraƙi iskar ba ta sake ci musu ba.

Hukunci

Dole a faɗi gaskiya: maƙwabtan da suka koma kwana a kwari tun shekarun 1990 su ma ba abin da ya same su, kuma shanunsu sun fi ƙiba. Mai son gardama zai ce ƙa'idar ɗan falken asara ce kawai. Ban yarda ba. Awon waɗannan shekarun ya nuna iskar tana ƙaruwa a ƙarƙashinsu suna barci. Sa'a suka ci, ba dabara ba. Mutumin da ya riga ya ba da ƙane ba zai sake yin wannan caca ba, kuma farashin da ya biya 'yan kilo ne na nama.

Jira ya gaza don haramci ba ya rage iska ko kaɗan, yunwa kuma takan karya shi. Fitila ta gaza don a inda haɗarin ke ƙarewa aka ajiye ta, ba inda yake farawa ba. Ita kanta jiniyar zamani tana da ɗan wannan rauni, mintuna take bayarwa. Kwaso shanu gida tsoro ne ya yanke shi, ba lissafi ba. Abin da ya yi aiki shi ne auna ruwan ƙasa shekara bayan shekara, har aka gane ciwon, sa'annan aka sami magani mai arha wanda ba ya shan mai. Shekara goma sha biyar tsakanin mutuwar da bututu na farko ta yi yawa, kuma mafi yawanta a neman kuɗi da gardama ta tafi, tunda an nuna dabarar tana aiki tun 1992.

A cikin gidan kuwa, ilimin ɗan bai yi tasiri ba sai da ya mayar da shi abin da makiyayi zai iya dubawa da ido. Da ya tsaya a kan lambobin rahoto, da dillalin 2012 ya tafi da garken.

Idanun ruwan da ke gindin Nyos ba su daina zuba iska ba, roba kuma tana tsufa, dandamali yana son gyara, batirin jiniya yana mutuwa. Ga misali daga ƙasar Kongo: cibiyar sa ido a kan dutsen Nyiragongo mai aman wuta a Goma ta shiga ƙarancin kuɗi bayan tallafin Bankin Duniya ya tsaya a 2020, dutsen ya yi amai a 22 ga Mayu 2021. Saboda irin haka ne, da ɗan makiyayin ya fara zancen komawa gida in ƙura ta lafa, ɗan falken ya gindaya sharaɗi biyu: a ga bututun suna aiki, kuma a sami sabon awon ruwan ƙasa wanda aka yi bayan rikicin. Dattijon ya amince da duka biyun, ya ƙara na uku daga wajensa, cewa ko an koma, bijiman kasuwa a tudu za su kwana.